Mai Faci Ta Tafi Faci

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba, rubutuna kuma Yaya ta ce kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Sau biyu ina yage shafin farko. Amma yau kwana huɗu ke nan da likita ta ce in rage magana, in ba dole ba kada in yi dariya, sai ga shi ni da na shekara ashirin da huɗu ba a jin muryata, yanzu ne magana ta cika min ciki. Nas ce ta ba ni wannan littafi don in riƙa rubuta abin da nake so a miƙo min. Na rubuta ruwa sau biyu, na rubuta ayaba sau ɗaya. Sauran shafukan suka yi ta kallona har na gaji.

Ni mai faci ce. Shagon ɗinkin na yayata ne, ita ce babba, ni ce auta, mu biyu ne muka rage a gidanmu. Kekenta yana bakin ƙofa, inda take karɓar mutane da awo da ciniki. Nawa yana can ciki kusa da taga, bayan teburin guga. Gwiwar wando da ta ɓule, aljihun da ya yage, rigar da dutsen guga ya lasa, zif da ya ƙi hawa, duk wurina suke zuwa. Baba mai guga, dattijon da ya fi shekara goma tare da mu, Rediyo yake kirana. In shagon ya yi tsit sai ya juyo ya ce Rediyo a rage murya, mutane na aiki. Ni kuwa sai in sa hannu in rufe baki in yi murmushi. Tun ina ƙarama haka nake, hannuna na dama ya san hanyar bakina fiye da yadda ya san hanyar aljihu.

Almakashi ina da shi, amma ban cika ɗauka ba. Da haƙori nake yanke zare, haƙori ɗaya na ƙasa a gaba, kuma a gindinsa nake maƙala allurai in hannuwana sun cika. Shekara goma sha ɗaya ina haka. A hankali dasashin wurin ya fara ja da baya kamar kalmasar da ta warware, har gindin haƙorin ya fito fili, dogo, rawaya-rawaya. Ruwan sanyi ya zama abokin gabata. Ban gaya wa kowa ba. Ranar da asirina ya tonu, maɓalli nake ɗinkawa a farar riga, na ja zare da haƙori, sai ɗigon jini ya sauka a kan kwala. Yaya ta wanke kwalar da kanta, tana wankewa tana faɗa, sannan ta kama haɓata ta juya ni wajen haske ta ce in buɗe. Da ta gani faɗan ya tsaya. Washegari ta rufe kekenta ta kai ni wurin likitan haƙori.

Ɗakin jiran yana da kujeru shida da wani babban hoton baki a bango, haƙora jere reras, ba na kowa ba. Nas ta zo da fom tana tambayoyi. Ni take kallo, Yaya ke amsawa. Ko ina da ciwon suga, Yaya ta ce babu. Ko jinina yana daɗewa bai tsaya ba in na yanke, Yaya ta ce allura ta huda ni ya fi sau dubu kuma ga ni nan. Ko ina shan wani magani kullum, babu. Ko ina shan sigari, Yaya ta ce wadda ba ta buɗe baki ta yi magana, ta ina sigari zai shiga. Nas ta yi dariya. Ni ma na yi, a bayan hannuna.

Likitar mace ce, gajera, mai gilashi da ƙananan hannuwa. Ta kwantar da kujerar, ta kunna fitila a kaina, ta ɗauki hoton haƙorin, ta yi ta taɓa dasashin da wani siririn ƙarfe tana faɗa wa nas lambobi. Ba ta tambaye ni sana'ata ba, ita ta faɗa min. Ta ce zare ya yi hanya a kan haƙorin kamar yadda igiyar guga ke yi a bakin rijiya. Ta ce haƙorin da ransa, ƙashin da ke riƙe da shi bai lalace sosai ba, amma naman da ya tafi ba ya dawowa da kansa. In aka bar shi haka, wata rana zai fara girgiɗi. Abin da take ba da shawara shi ne ƙaramar tiyata a dasashin.

Kalmar tiyata tana fita, Yaya ta miƙe tsaye da jakarta a hannu. Ta tambaya ko ba za a iya cire haƙorin kawai ba. Likita ta ce ana iyawa, amma ita ba ta son cire haƙori mai ƙarfi. Yaya ta tambayi kwana nawa cirewa ke ɗauka, aka ce kwana biyu mutum ya koma aikinsa. Tiyatar fa, aka ce mako guda na hutu, mako biyu kafin a cire zare. Yaya ta ce to magana ta ƙare. Muna da kayan makaranta a hannu, riguna da wanduna tuli guda, kuma duk maɓallansu ni ke sa su. Ta ce haƙori ɗaya ne cikin talatin da wani abu, kuma a ƙasa yake, kuma mai shi ba ta taɓa nuna wa kowa shi ba.

Likita ta sauke gilashinta ta kalle ni.

"Tela, ke me kika ce?"

Bakina a buɗe yake tun ɗazu saboda bincike, amma da aka tambaye ni sai ya rufe. Hannuna ya hau. Yaya ta ce kunya gare ni, abin da ita ta faɗa shi ne nawa. Likita ba ta yi musu ba. Ta ce ko wanne za a yi, sai an fara wanke haƙoran an bar dasashin ya huce, don haka in dawo ranar Litinin a yi wankin, aikin kuma ranar Alhamis ta sama. Nas ta rubuta a kati: cirewa.

A hanyar gida Yaya tana gaba ina binta, kamar kullum. Takalmanta masu ƙara ne, ko a cikin mutane da su nake gane inda ta nufa. Ina tafe ina taɓa haƙorin da harshena. Shekara goma sha ɗaya yana yi min aiki bai taɓa cewa ya gaji ba. Ni na ɓata shi, kuma sakamakonsa a tumɓuke shi a jefa a kwandon shara don maɓallan makaranta. Amma na haɗiye, na saba haɗiye abin da ya fi wannan.

Ranar Litinin aiki ya yi wa Yaya yawa, ta ce in je ni kaɗai, ai wanki ne kawai, ba sai an yi magana ba. Aka wanke, injin yana kuka a bakina, ina jin ƙasa-ƙasa a harshe. Da aka gama likita ta tayar da kujerar ta ce in kurkure. Na kurkure. Ta juya za ta cire safar hannu, sai na ji muryata ta fito ba tare da na shirya ba. Na ce ita tiyatar, me ake yi a cikinta.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗauki takarda ta zana baki. Ta ce a nan sama, a ganɗa, wato rufin baki, akwai nama mai kauri. Za ta yanko ɗan siriri, bai kai faɗin farce ba, ta kawo shi ƙasa, ta gyara wurin da ya zaizaye, ta shimfiɗa shi a kai ta ɗinke. In jiki ya karɓa sai ya zama ɗaya da na wurin.

Na daɗe ina kallon zanen. Na ce, "Faci ke nan."

"Me kika ce?"

"Faci ne. In gwiwar wando ta ɓule, ba a neman yadi a waje. Daga cikin kalmasa ake yankowa, ko bayan aljihu, inda ba a gani. Shi ne launinsa ke zama ɗaya."

Likita ta kira nas ta ce zo ki ji, shekara nawa ina neman yadda zan faɗa wa mutane wannan abu. Daga nan ban san inda kunyata ta shiga ba. Na tambaye ta ko tana barin facin ya fi ramin faɗi, don yadi yana shiga in an wanke. Ta ce nama ma yana ɗan tsukewa, don haka da rara take yankowa. Na tambayi zaren, ta buɗe wata ƙaramar leda ta nuna min, ya fi gashi siranta, da lanƙwasasshiyar allura kamar jinjirin wata. Na ce ɗinkin a jere take yi ko ɗaya-ɗaya. Ta ce ɗaya-ɗaya, kowanne da ƙullinsa. Na ce haka ya fi, in ɗaya ya tsinke sauran ba su bi shi ba. Ta ce kwanakin farko facin zai yi fari, kada in tsorata, kuma kada in ja leɓe don in leƙa. Na ce na sani, mai kaya ne ke ɓata faci da yawan ja yana gwadawa.

Sai na yi tambayar da ta fi damuna. Na ce barci za a sa ni. Ta ce ko kusa, allurar kashe zafi ce a wurin kawai, idona biyu, ina jin duk abin da ake faɗa, kamar awa guda an gama in tashi da ƙafata. Ta ƙara da cewa ba ta yi min alkawari ba, wani lokaci jiki ba ya karɓa, sai a sake. Na ce ni ma ba na yi wa mai wando alkawari.

A teburin gaba nas ta ɗauko takardar amincewa ta karanta min a hankali daga sama har ƙasa, ta tsaya inda ban gane ba. Sannan ta miƙo biro ta ce in sa hannu a nan. Hannun yana kan bakina. Na sauke na dama na karɓi biron, na ɗaga na hagu zan rufe, sai takardar ta fara zamewa a kan gilashin teburin. Dole na hagun ya sauko ya danne ta. Haka na tsaya a gaban nas da mutum uku da ke jira, bakina a waje, ina rubuta sunana harafi bayan harafi, harshena a tsakanin haƙora kamar 'yar aji biyu. Ban taɓa sa hannu a wata takarda ba sai ranar. Nas ta soke kalmar cirewa a katin ta rubuta wata. Ta ba ni ruwan kurkure baki da buroshi mai laushi da takardar dokoki: in ci abinci da safe kafin in zo, in tanadi abinci mai laushi mara zafi, in ajiye ƙanƙara don kumburi, kada in sha komai da tsinken lemo. Zare kuwa, likita ta leƙo daga ƙofa ta ce, daga yau haƙorin nan ya yi ritaya.

Na ɓoye katin a gwangwanin zare. Na ɗaura ƙaramin almakashi a tsumma na rataya a wuya. Kwana biyun farko hannuna sai ya kai zare baki, in tuna, in sauke. Aikina ya ragu da gudu, don haka na daina hutun rana, ina cin burodi a kan keke ina ɗinka maɓalli. Na ƙudurta kafin Alhamis ba za a bar riga ɗaya ba maɓalli. Baba mai guga ya ga almakashin yana lilo a ƙirjina, ya ce lallai Rediyo ta samu eriya. Ya ga ina sayo ƙwai da yogot da dankali ina ƙullewa zan kai gida, sai ya ce wanda za a cire wa haƙori kwana biyu ya yi tanadin mai tafiya Makka da ƙafa. Dattijon nan ba abin da ke wuce shi.

Ranar Laraba da la'asar Yaya tana neman shuɗin zare ta buɗe gwangwanina. Ina kallonta ta ɗauko katin, ta karanta, ta sake karantawa. Ta zo ta tsaya a kan kekena ta tare min haske. Baba mai guga ya kashe dutsensa, ya ce zai je ya duba ko rana tana nan, ya fita.

Ta fara da kayan makaranta. Na nuna mata tulin da yatsa, a ninke, kowace riga da maɓallanta. Ta koma kan cewa na raina ta, na je na ƙulla da baƙi a bayan idonta, ita da ta bar nata karatun ta riƙe ni. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Ta ce gobe da sassafe za ta je ta sa a mayar da katin yadda yake. Hannuna ya kama hanyar bakina, sai ya ci karo da almakashin da ke wuyana. Na riƙe shi.

Na ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba za a cire ba."

"Da wa kike magana?"

"Da ke. Bakina ne. Ki sa baki yadda kike so, amma hannu na riga na sa."

Ta kalle ni kamar keken ɗinki ne ya yi magana. Sai ta zauna a kan buhun ƙyallaye, abin da ba ta taɓa yi ba, don ta ce yana ɓata zani. Ta tambaya, a hankali, wace takarda na sa wa hannu. Na gaya mata. Ta ce ko na san irin takardar nan ita ta sa wa hannu ranar Mama.

Ban sani ba. Ina da shekara goma sha ɗaya aka shiga da mahaifiyarmu ɗakin tiyata saboda ciwon ciki, ba ta farka ba. Abin da na sani ke nan. Ban san mahaifinmu yana kan hanya ranar ba, motarsu ta lalace, aka ce ba za a iya jira ba, aka miƙa wa yarinya 'yar shekara goma sha tara biro. Yaya ta ce har yau in ta ɗauki biro za ta rubuta awon mutum, wani lokaci sai ta ji nauyin wancan. Ta ce tun daga ranar ta rantse ba wanda zai sake shiga da nata ɗakin nan, ko da haƙoran gidan duka za su zube.

Na so in tashi in rungume ta in ce shi ke nan, a cire. Kalmomin har sun zo bakina. Na saba, in Yaya ta yi rauni ni ce mai bari. Amma harshena ya taɓa gindin haƙorin, wurin da ke tsami, na haɗiye su.

Na ce mata ba barci za a sa ni ba, idona biyu. Na ɗauko takarda na zana mata bakin yadda likita ta zana min, na nuna mata inda za a yanko da inda za a ɗora. Na ce faci ne, Yaya, irin wanda nake yi kullum a bayanki, kuma na ga zaren, na ga allurar, na ga hannun matar, ta iya. Ta ce faci ake yi wa wando, ba ɗan Adam ba. Na ce wannan karon ko me ya faru, ba hannunki ba ne a takardar.

Ta share fuska da gefen mayafinta ta miƙe. Ta ce tunda na yi baki, in yi ƙafa ma, ita ba inda za ta, tana da shago. Na ce to. Ta ce kada in dawo da kumburarriyar fuska in ce ta dafa min wani abu. Na ce na tanada. Ta koma kekenta ta yi ta taka shi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Da Baba mai guga ya dawo ya dube ni, ya dube ta, ya ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, balle yau da haƙorin ne ake shari'a a kansa. Ba wadda ta yi dariya. Muka rufe shago, muka tafi gida, muka ci abinci, kowace ta shige ɗakinta.

Washegari na tashi da wuri. Na dafa ƙwai biyu na ci da shayi mara zafi sosai, na goge haƙorana da sabon buroshin, na kurkure baki ina ƙirga talatin yadda nas ta ce. Na duba ƙanƙara ta yi. Ƙofar ɗakin Yaya a rufe take, na tsaya na ce na tafi, ba a amsa ba.

Na biya ta shago, don mabuɗi ɗaya yana wurina. Na lulluɓe kekena da zaninsa. Na cire almakashin daga wuyana na rataya a kansa. Sannan na yanki kwali, na ɗauki alli na awo, na rubuta da manyan baƙaƙe yadda mai wando zai gani daga bakin ƙofa: MAI FACI TA TAFI FACI. SAI BAYAN MAKO. Na jingina shi a jikin keken, na kulle.

Na miƙe titi da katina a hannu. Na wuce mai gyaran waya, na wuce kantin magani, na tsaya a mahaɗa har motoci suka ba da hanya. Daidai nan na fara jin ƙarar takalma a bayana, masu sauri, ƙwas ƙwas ƙwas, da wata murya tana mitar cewa mutum zai je a yanka masa baki ko ƙyallen share jini bai ɗauko ba. Ƙafata ta so ta rage gudu in ba ta hanya ta shige gaba, yadda muka saba tun ina ƙarama. Ban rage ba, ban waiwaya ba. Na tsallaka titin, na hau matakala uku, na tura ƙofar gilashin, na je gaban nas na ajiye katin, hannuwana biyu a kan tebur, na faɗa mata sunana da abin da na zo yi.